Firam ɗin filta da rigimar "ai kowane gwani zai hango wannan"

Da hunturu ya kankama a Birnin Kebbi, idan bakanike ya buɗe gidan filtar iska ta mota ko ta babban janareta, ya kamata ya zura yatsa cikin bututun da ke bayan filtar, wanda ke kai iska cikin inji, ya shafo. Idan yatsan ya fito da jan gari mai laushi kamar hoda, alhali takardar filtar ba ta yage ko'ina ba, to ƙurar ta gefe ta bi. Ko dai bakin filtar bai zauna daram a gidansa ba, ko kuma akwai 'yar kafa tsakanin takarda da firam ɗin da ke riƙe da ita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma iska ma haka take: inda ta samu sauƙi nan take bi. Wannan garin shi ke cin ringi da fistin a hankali har injin ya fara shan mai yana hayaƙi.

Wannan mahaɗa ta takarda da firam wuri ce da kamfanonin filta ke zuba basira, kuma a kanta sukan kai juna ƙara a kan haƙƙin ƙirƙira, wato fatent. Rigimar kusan kullum iri ɗaya ce. Wani ya samu takardar mallaka a kan hanyar haɗa filta da firam, wani ya zo ya ce wannan hanya ba ta cancanci takarda ba, domin duk ɗan sana'ar da ya san abin da aka riga aka sani zai hango ta ba tare da wata baiwa ba. Ba za a gane rigimar ba sai an san yadda ake ƙera kayan, don haka mu fara daga nan.

Takardar tacewa tana zuwa ne a naɗe kamar bandir. Wata ta zaren itace ce da aka jiƙa da wani gam don ta yi ƙarfi, irin ta filtar inji. Wata ta zaren gilas ce, irin ta ɗakin tiyata. Wata kuma ta siraran zaren roba ce, polifurofilin, da aka ɗora wa cajin lantarki don ta riƙa fizgo ƙananan ƙura kamar yadda biron roba ke ɗaukar guntun takarda idan an goga shi a kai. Injin kalmasa ke fara zana layi a jikinta, sannan ya ninka ta sama da ƙasa. Dalilin ninkin lissafi ne kawai. A ɗauki filta mai tsawon milimita 250 da faɗin 200. Idan zurfin kowane ninki milimita 20 ne, tazara tsakaninsu kuma milimita 5, za a samu ninki 50, kowanne ya ci milimita 40 na takarda, jimilla mita 2. Fuskar filtar murabba'in mita 0.05 ce, amma takardar da ke cikinta 0.4, ninki takwas ke nan. Iskar sai ta ratsa takardar a hankali, ƙura ta samu wurin zama, filtar ta daɗe ba ta toshe ba. Sai dai idan aka matse ninkin fiye da kima, ko aka bar su suka kwanta a kan juna, rabin takardar ya tashi a banza. Shi ya sa ake zuba siraran layuka na narkakken gam a kan ƙoƙon ninkin, ko a manna ragar waya a baya, don kowanne ya tsaya a matsayinsa.

Daga nan sai firam, kuma hanyoyin da aka saba da su ba su da yawa. Akwai na kwali: a yanke kwalin da wuƙar inji, a shafa gam a ciki, a ɗora ninkakkiyar takarda, a kalmaso gefuna huɗu a danne. Shi ne mafi araha, shi ne kuma ke laushi ya lanƙwashe idan damina ta sauka. Akwai na manna tsiri, inda ake ɗauko ƙyalle mai kauri a shafa masa narkakken gam a manna a gefunan, kamar filtar iskar cikin mota. Akwai na soso, wannan jan ko ruwan goron bakin mai laushi da ke kan filtar inji: ana haɗa ruwa biyu, foliyol da aisosayanet, a zuba cikin kwarin mazubi, a nutsa bakin takardar a ciki, ruwan ya kumbura ya daskare ya zama firam da abin toshe kafa lokaci guda. Akwai na zubin roba, inda ake kwantar da takardar cikin mazubin ƙarfe a rufe, a harbo narkakkiyar roba ta zagaye bakinta. Sai na alminiyam, na manyan filtocin asibiti, da ake cika kwarinsa da gam mai daskarewa.

Kowace hanya da inda take cizo. A na soso, aisosayanet ba ya shiri da danshi: da ya haɗu da ruwa sai ya fitar da iskar kabon, firam ya fito da ramuka kamar burodin da ya wuce tashi. Takardar zaren itace kuwa tana shan danshin iska, don haka haɗin da ya yi kyau a watan Janairu zai iya fitowa da kumfa a Agusta idan ba a busar da takardar ba. Idan awon ruwan biyu ya kauce wa abin da mai sayarwa ya rubuta, soson ya fito ko da danƙo ko da tauri, ya ƙi danna bakin gidansa. A na gam, idan aka yi jinkiri tsakanin shafawa da dannawa, gam ɗin ya yi fata, ya kama a ido amma ya saki bayan wata biyu. Kuma gam mai araha yana laushi a zafin Afrilu, ballantana a cikin kwantena ko ƙarƙashin bonet. Na zubin roba ya fi duka wuyar sha'ani. Polifurofilin na narkewa ne a wajen digiri 160 zuwa 165, ana kuma harbo shi cikin mazubi da zafin da ya haura 200, da matsi mai ƙarfi. Idan haƙoran mazubin ba su riƙe kowane ninki gam ba, robar ta kutsa cikin takarda ta toshe ta, ko ta murƙushe ninkin. Idan sun matse da yawa, su yanke ta. In kuwa takardar ita ma ta polifurofilin ce mai caji, zafin zai iya narkar da bakinta ya kuma rage cajin da ke kusa.

Me ya sa 'yar kafa take da wannan girman? Filtar da ake kira H13 a ma'aunin Turai na EN 1822 dole ta tare kashi 99.95 cikin ɗari na ƙurar da ta fi wuyar kamawa, wato abin da aka yarda ya wuce 0.05 ne kacal. Idan kashi 1 cikin ɗari na iskar ya sulale ta gefen firam, an ninka abin da aka yarda sau ashirin, komai tsadar takardar.

To, yanzu maganar shari'a. Sharaɗin cewa ƙirƙira kada ta zama abin da ke a fili tsoho ne. A 1851 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a ƙarar Hotchkiss da Greenwood, kan mariƙin ƙofa. Mai takardar ya yi mariƙi da yumɓu ko tangaran maimakon katako ko ƙarfe, hanyar ɗaura shi kuma sananniya ce. Kotu ta soke takardar, domin sauya kayan aiki da wani sanannen kaya aikin ƙwararren maƙeri ne kawai. Wannan ƙa'ida har yau tana iya kashe da'awa, wato abin da mai fatent ya rubuta cewa shi ya ƙirƙiro, a harkar filta. Wanda ya ce ya cire kwali ya sa roba don kada danshi ya ci firam bai faɗi abin da ɗan koyo bai sani ba. A 1952 Amurka ta sa sharaɗin cikin dokarta a sashe na 103, sannan a 1966, a ƙarar Graham da John Deere, wadda aka yi a kan garmar da ke aiki a ƙasa mai duwatsu, kotun ta shimfiɗa yadda za a duba: me aka riga aka sani, mene ne bambancinsa da abin da ake da'awa, yaya matsakaicin gwani yake a wannan sana'a, sannan alamu na waje, kamar daɗewar da mutane suka yi suna neman mafita, gazawar waɗanda suka gwada, da karɓuwar kayan a kasuwa. A 2007 aka yi ta KSR da Teleflex, kan totur ɗin mota mai gyaruwa da aka haɗa da na'urar lantarki. A nan kotun ta ce ba sai an samu wata tsohuwar takarda da ta ce "haɗa wannan da wancan" ba. Idan an haɗa sanannun abubuwa ta sananniyar hanya, kowanne yana aikin da aka san shi da shi, sakamakon kuma wanda ake tsammani ne, to akwai yiwuwar abin a fili yake. Tun daga lokacin ya ƙara wuya a kare fatent a sana'o'in da suka tsufa, kuma ƙera filta tana cikinsu.

Ga yadda rigimar ke tafiya, da misalin da na tsara don bayani. A ɗauka wani kamfani ya samu takarda a kan hanya mai mataki huɗu: a ninka takardar polifurofilin mai caji, a manna siririn tsiri a bakinta, a sa ta cikin mazubi mai haƙora, a harbo robar firam ta kama tsirin. Abokin hamayya zai kawo tsofaffin takardu biyu. Ɗaya ta nuna zubin roba a kan takardar zaren itace ta filtar inji. Ɗayar ta nuna takarda mai caji da tsiri a gefe, cikin firam na kwali. Sai ya ce duk matakan huɗu ga su nan a rubuce tun da daɗewa, kuma dalilin haɗa su a bayyane yake: kowa na son firam mai ƙarfi da ba ya jin danshi. Idan mai takardar ya tsaya a kan cewa babu wanda ya taɓa haɗa su kafin shi, ya faɗi, domin wannan amsar tambayar sabunta ce, ba ita ake yi ba. Abin da zai cece shi shi ne ya nuna cewa gwanin wancan lokaci ba zai yi tsammanin haɗin zai yi aiki ba. Misali, tsohuwar takardar da kanta ta yi gargaɗin cewa zafin zubi na lalata takardar roba. Ko tsirin a tsohuwar hanya don riƙe ninki kawai aka sa shi, a sabuwar kuwa ya zama garkuwar da ke shanye zafi da matsi, aikin da ba a san shi da shi ba. Irin wannan hujja ce ta tsayar da fatent ɗin batirin Adams, wanda kotun ta yanke hukuncinsa rana ɗaya da na Graham: masana sun daɗe suna ganin irin wannan haɗin ba zai yi ba, sai ga shi ya yi.

A ganina nan ne ainihin ma'auni, kuma ya yi daidai. Fatent a wannan sana'a ya cancanci wanda ya warware matsalar da ke mahaɗa, ya kuma iya nuna warwarewar da awo. Awon kuwa dole ya zama na gaskiya: filtocin da aka yi da tsirin da waɗanda aka yi ba shi, takarda ɗaya, mazubi ɗaya, zafi ɗaya, a gwada nawa ƙura ke wucewa da yawan tirjiyar da iska ke sha. Idan aka gwada sabuwar hanya da filtar kwali mai araha, ba a nuna komai ba, domin da abin da ya fi kusa da ita ake kwatantawa. Haka maganar kasuwa. Kamfani zai ce ya sayar da kaya masu yawa, a tambaye shi: saboda tsirin aka saya, ko saboda sunanku da talla da rangwame? In bai iya ɗaure cinikin da matakin da yake da'awa ba, hujjar ba ta da nauyi.

Lambobi ma suna yaudarar masu nema. Mutum ya rubuta cewa hanyarsa ana yin ta da zafi kaza zuwa kaza, tazarar ninki kaza, ya ɗauka ya kafa iyaka. Tun 1955, a shari'ar Aller, wata kotun Amurka ta ce gano mafi dacewar awo ta hanyar gwaji na yau da kullum ba ƙirƙira ba ne idan ainihin hanyar sananniya ce. Lamba tana tsayawa ne kawai idan an nuna cewa a daidai wurin wani abu ya sauya da ba a zata ba, ƙasa da shi roba ba ta kama, sama da shi caji ya zube, kuma ba wanda ya san akwai wannan 'yar tagar.

Duk da haka akwai haɗarin zalunci ta ɗaya ɓangaren, kuma bai kamata a raina shi ba. Kacici-kacici, da an faɗi amsa sai kowa ya ga sauƙinsa. Wanda ya karanta fatent ya ga mafita, sannan ya koma ya tsinto guntu daga nan guntu daga can ya ce ai a fili take, da ilimin mai takardar yake yaƙarsa. Ofishin fatent na Turai yana ƙoƙarin toshe wannan da tsarinsa: a zaɓi tsohuwar hanya mafi kusa, a fitar da matsalar da bambancin ya warware, sannan a tambaya ko gwani zai bi wannan hanya, ba wai ko zai iya ba. A can duk mai ƙorafi yana da wata tara daga ranar ba da fatent ya shigar da adawa. A Amurka kuwa dokar 2011 ta buɗe hanyar kai ƙorafi gaban hukumar alƙalai ta ofishin fatent tun daga 2012, inda rinjayen hujja ya isa, saɓanin kotu da ke neman hujja bayyananniya mai gamsarwa kafin ta soke takarda. Sai dai a hanyar da aka fi bi a gaban wannan hukuma, tsofaffin fatent da rubuce-rubucen da aka wallafa kaɗai ake karɓa a matsayin tushen ƙorafi.

Ina ruwan mai shago a Jega ko ɗalibin injiniya a kwalejin Waziri Umaru da wannan? Ruwansa da yawa. Kebbi ƙasar ƙura ce da injuna: kamfanonin casar shinkafa a Argungu da Birnin Kebbi, injunan ban-ruwa a fadamu, janaretoci, taraktoci. Kusan duk filtar da suke ci daga waje take zuwa, kuma filtar fale-fale mai bakin soso ko mai tsiri ba ta fi ƙarfin ƙaramar masana'anta ba. Duk wanda ya shiga harkar zai haɗu da dokarmu ta fatent ta 1970, kuma tana da wani hali da ya kamata a sani sarai. Sashe na 1 ya sa sharaɗi uku: sabunta, basirar ƙirƙira, da amfani a masana'anta, ya kuma fayyace cewa basirar na nufin abin bai biyo a fili daga abin da aka sani ba, ko ta hanya, ko ta haɗa hanyoyi, ko ta sakamako. Amma sashe na 4 ya ce magatakarda a Abuja, a ma'aikatar masana'antu da ciniki, cikar takardu kawai yake dubawa. Ba ya binciken ko abin sabo ne ko a fili yake, kuma ana ba da takardar ne a kan kasadar mai ita, ba tare da lamunin ingancinta ba. Ma'ana, tambayar da ofisoshin Turai da Amurka ke yi kafin su ba da takarda, a nan an jinkirta ta ne zuwa ranar da wani zai je Babbar Kotun Tarayya, wadda ke da reshe a Birnin Kebbi, ya nemi a soke ta a ƙarƙashin sashe na 9.

Wannan yana yanka ta gefe biyu. Wanda ya samu takarda mai hatimi kada ya ci bashin banki a kanta kafin ya yi wa kansa binciken da ofis bai yi ba. Wanda kuma aka aiko wa wasiƙar lauya cewa ya daina zuba soso a bakin filta kada gabansa ya faɗi don ganin hatimi. Ya nemi kwafin takardar ya karanta jerin da'awar da ke ƙarshenta, domin nan iyakar gonar take. Idan da'awa ta lissafa mataki huɗu shi kuma uku yake yi, a bisa ƙa'ida bai shiga gonar ba. Abin da aka riga aka sani a dokarmu ya haɗa da duk abin da jama'a suka samu a ko'ina a duniya, a rubuce ko da baki ko ta amfani, kafin ranar shigar da takarda. Tsohuwar filta mai kwanan wata a jikin kwalinta da rasit ɗin sayenta na iya zama hujja. Sashe na 6 kuma ya kare wanda tun kafin ranar yake amfani da hanyar a sana'arsa a Najeriya da kyakkyawar niyya: zai ci gaba. Abu ɗaya da ke wa wanda ake tuhuma nauyi shi ne sashe na 25: idan fatent na hanyar ƙera sabon kaya ne, aka ga irin kayan a hannun wani, ana ɗauka da wannan hanyar ya yi sai ya kawo hujjar akasin haka. Don haka littafin aiki na masana'anta, mai kwanan wata, da zafi, da awon haɗi, da sunan gam, da hoton mazubi, ba ƙawa ba ne.

Binciken kuwa kyauta ne da waya. A shafukan intanet na neman fatent, Espacenet, ko Google Patents, ko Patentscope, a nemi rukunin fatent mai lamba B01D 46, na tace ƙura daga iska. B01D 46/52 na ninkakkiyar takarda ne, B29C 45/14 kuma na zuba roba a kan wani abu da aka riga aka sa cikin mazubi. Zanen ya isa ya koyar ko da Turancin ya yi nauyi. A duba ranar shigarwa: fatent shekara 20 yake yi daga ranar, kuma yana faɗuwa tun kafin nan idan ba a biya kuɗin shekara-shekara ba. Fatent ɗin da ya mutu ya zama na kowa, kuma ginshiƙan hanyoyin firam da na lissafa a sama sun girmi shekara ashirin nesa ba kusa ba. Abin da ke raye galibi gyare-gyare ne a kansu. Fatent ɗin Jamus ko Amurka da ba a shigar a Najeriya ba ba shi da iko a nan, amma yana nan a matsayin abin da aka riga aka sani, don haka ba za ka kwafo shi ka yi masa rajista da sunanka ya tsaya a kotu ba.

Wanda kuma ya gano wani abu na gaske, misali hanyar da ke hana soso kumfa a danshin damina ba tare da tanda ta busarwa ba, ya kama bakinsa har sai ya shigar. Dokarmu tana bai wa wanda ya riga shigarwa ne, kuma bidiyon da ka ɗora a Facebook ko TikTok kana nuna matakan zai zama hujja a kanka kai kanka. Rangwamen wata shida da doka ta yi na baje kolin ƙasa da ƙasa ne da hukuma ta amince da shi, kada a dogara da shi sai lauya ya duba. Idan kuma ana son kasuwar tsallaken iyaka, ta Kamba zuwa Nijar ko Benin, takardar Abuja ba ta aiki a can. Ƙasashen biyu suna cikin OAPI, ƙungiyar haƙƙin ƙirƙira ta wasu ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde, Najeriya kuwa ba ta ciki, sai an shigar daban, cikin wata 12 daga ranar shigarwar farko idan ana son riƙe wannan ranar.